Rijiyar da Ban Shiga Ba

Ku samarin da ke zama a gindin darbejiyar ƙofar gidana kuna cewa ginin rijiya haƙa rami ne kawai, duk mai damtse zai iya, to ga yadda abin yake. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shiga ƙasa, daga Bande zuwa Dungas har ƙauyukan bakin iyaka. Yanzu ƙarfe ne a kwatangwalona na hagu. Ba na tsuguno, ba na zaman tabarma, salla ma a kujera nake yi. Amma har yau ni ne maigidan aiki, kuma muna gina rijiya. Yadda aka yi hakan ya yiwu shi zan faɗa muku, don saura kaɗan ya ƙi yiwuwa, kuma laifin nawa ne.

Rijiyar farko da na shiga a wata unguwa take a Bande. Maigidana Mamman Tsoho ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya miƙo mini dagi da guntun felu da aka rage wa ƙota don ya juya a cikin rami, ya ce in sauka. Bai ƙara komai a kai ba. Gaba shida ne kawai zurfinta, amma da na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai. Haka koyo yake a wurinsa. Ba ya bayani. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya jefo maka tsakuwa a ka. Shekara tara na yi a hannunsa, ban tuna ranar da ya tambaye ni abin da na gani a ƙasa ba. Ni ma da na zama maigida haka na yi wa nawa mutanen, don ban san wata hanya ba.

Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne wanda kuke hange in kun wuce a kan moto, wato babur. Ka haƙa kamar tsayin ƙirji, ka jera rodi, ka kafa ƙarfen zubi, ka zuba siminti, ka bar shi ya kwana, gobe ka ci gaba a ƙarƙashinsa. Ƙasa tana sake launi kana bi: farin rairayi, jar ƙasa, marmara mai cin bakin dagi, yumɓu mai kama felu ya ƙi saki. In rami ya yi nisa, kowace safiya sai a zura fitila kafin mutum. In ta mutu a hanya iskar ƙasa ta ɓaci, a yi ta fifita da reshen ganye a igiya har ta gyaru. Wannan duk mai haƙuri zai koya cikin rani biyu.

Kashi na biyu shi ne shigar ruwa. Da ka taɓa ruwa an gama zubi, siminti ba ya kamawa. Sai a zura zobban siminti da aka zuba a waje, masu huji a jiki, a ɗora su kan juna. Mutum ya tsaya a tsakiyarsu cikin ruwa yana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin na ƙasa, su kuma suna nutsewa da nauyinsu. Dole su sauka a miƙe. In suka karkata suka cije da bangon rijiya, shi ke nan, ba gaba ba baya. Rairayi ya dinga shigowa ta gefe, ƙasar bayan bango ta rarake, wata rana bangon ya tsage. Aikin wata uku ya tashi a banza.

Shigar ruwa ta maigida ce. Haka na tarar, haka na riƙe. Mamman Tsoho bai bar ni na yi ta ba sai da ido ya gaza masa. Ni kuma ina da Isufu, mutumin Dungas, shekara goma sha bakwai muna tare. Ya fi ni iya zubi, ya yi furfura a gabana, har ya aurar da ƴarsa ta fari, amma ko sau ɗaya ban bar shi ya nutsar da zobe ba. Ranar shigar ruwa aikinsa riƙon igiyata ne a bakin rijiya.

Masu rijiya kuwa iri-iri ne. Mai lambu a fadamar Magariya yana son tasa jiya-jiya, ya zauna a kanka yana tambaya ko an kusa. Mutanen furoje, ƙungiyoyin nan na agaji, su zo da farar mota da takardu, su auna, su ɗauki hoto, su tafi. Mai gari ya nuna maka wurin da yake so, dab da gidansa, ko ka gaya masa masai na kusa. Fulani sun fi kowa sanin ruwa. Ba sa damun ka da surutu, amma rijiyar da ta ƙafe shanu ba su gama sha ba, sunan wanda ya gina ta sai ya ɓaci har cikin Najeriya.

Mugun lokacina ya fara da faɗuwar da ba ta kai a ba da labari ba. A wani ƙauye kudu da Magariya ina sauka, saura kamar gaba biyu in taka ƙasa, ƙullin igiya ya zame, na faɗa da ɓarin hagu a kan zobe. Mai ɗori ya ja, ya shafa, ya ɗaure, bayan sati uku na koma aiki ina ɗingishi. Shekara shida ina ɗingishin nan. Ƙafar ta riƙa gajarcewa, ciwon ya hana ni hawa moto, daga baya ya hana ni sa wando a tsaye. A shekarar ƙarshe rijiya ɗaya tak muka gina. Ga masu foraj, wato rijiyar burtsatse, sun shigo da injinsu suna huda ƙasa cikin kwana uku, mutanena biyu suka tattara suka tafi cirani arewa. Da aka ɗauki hoto a wata likita, wato asibiti, a Damagaram, lokotoron da ya duba ni ya nuna mini kan ƙashin cinyata, ya ce ya cinye kamar bakin tsohon dagi. Sai an cire an sa na ƙarfe, kuma sai a Yamai. Na sayar da shanun noma, dangi suka kama, aka yi.

Aikin kansa ban san shi ba, barci nake. Abin da ya biyo baya ne aiki. Kwana na biyu wata ƴar gajeruwar mata ta zo, kine suke ce mata, wato mai koya wa gaɓa motsi. Ta ce in tashi. Na ce mata jiya-jiya aka yanka ni. Ta ce ta sani, in tashi. Ni da nake sauka gaba ashirin da igiya ɗaya, taku huɗu zuwa bakin ƙofa ya jiƙa ni da gumi. Ta jera mini abin da aka hana: kada in tsuguna, kada in harɗe ƙafa, kada in zauna a abin da bai kai gwiwa tsawo ba, kada in sunkuya in ɗauki abu a ƙasa. In na yi, kan ƙarfen yana iya fita daga gurbinsa, a koma farko. Na ce rijiya fa. Ta tambayi yadda ake shiga, na kwatanta mata zaman igiya, gwiwa a ƙirji. Ta ce in manta.

Abin da ta fi yi mini faɗa a kai ƙafar dama ce, mai lafiyar. Duk takun da zan yi sai ta yi wuf ta ɗauke nauyin. Matar nan tana bayana tana kallo, da ta gani sai ta bugi sandata. Ta ce shekara shida ƙafar nan tana aikin ƙafa biyu, ta saba, ba ta yarda da ƴar'uwarta ba. In ban hana ta ba, ta hagun za ta zauna da sabon ƙarfe a banza. Na ji, na yi yadda ta ce, daga sanda biyu na koma ɗaya. A gida kafinta ya yi mini doguwar kujera, ya yi wata mai huji aka kai bayan gida. Wata biyar ina zagaya gonar bayan gari safe da yamma, jama'a suna gaishe ni da jiki har na gaji da amsawa. Maganar ƙafar nan ban gane a lokacin cewa ta shafi zamana da mutanena ba.

Ana cikin haka Arɗo Buba ya aiko. Rugarsu tana gabas da Dogo-Dogo. Tsohuwar rijiyarsu ta itace ta rufta, mata da shanu suna tafiyar rabin yini zuwa ruwa. Ya ce ba ya son famfo, don in ya lalace sai a zauna jiran mai gyara, rijiya kuwa guga ce da igiya. Mu ma in muka bar aikin nan ya wuce mun watse ke nan, don Lawali, wanda ya rage mini bayan Isufu, ya fara zancen tafiya. Na karɓa. Na gaya wa Arɗo cewa Isufu zai shiga, ni ina sama. Ya dubi sandata, ya dubi Isufu, ya ce shi sunana ya ji ba na wani ba, amma Allah ya sa albarka.

Aka ɗora kujerata a amalanke. Kashi na farko ya tafi lafiya lau. Wata biyu da kwanaki, gaba goma sha huɗu, muka taɓa ruwa hadarin farko ya fara leƙowa daga gabas. In damina ta sauka ba mu gama ba, sai baɗi. Muka zura zobe huɗu. Arɗo ya ba mu bijimi guda da babban wasaki na jan ruwa, mutanensa suna kora shi. Isufu ya sauka.

Ina zaune a bakin rijiya da madubi a hannu ina jefa hasken rana ƙasa, haka muke gani. Abin da na gani kai ne kawai da kafaɗu a cikin ruwa mai laka. Ban ga hannunsa ba, ban ga bakin zoben ba. Na ce a raina mutumin nan bai taɓa yi ba, ta yaya zai san inda yake haƙa alhali ba ya gani? Na sa aka kafa puli na biyu, wato tayar da igiya ke bi ta kai. Na roƙi Arɗo ƙarin bijimi, na ce a kwashe ruwan nan har Isufu ya ga ƙasa da idonsa. Isufu ya ɗago kai ya dube ni daga can, ya koma kan haƙa. Shanu biyu suka yi ta ja, ruwa ya sauka daga ƙirjinsa zuwa cibiya, daga cibiya zuwa gwiwa. Na ji daɗi, ina ta zuba umarni, haƙa gabas, bar nan, koma kudu.

Kafin azahar rairayi ya taso. Ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin zoben ta yamma kamar kunu yana tafasa, ya binne Isufu zuwa cinya, zobban suka yi wata ƙara suka kwanta gefe. Da muka jawo shi sama na zura igiyar awo mai dutse a baki. Sun karkata yatsa huɗu. Saura yatsa biyu su cije da bango.

Na miƙe na ce wa Lawali ya kawo igiyar zama, na fara ɗaura ta a ƙuguna. Arɗo bai hana ni ba, shi rijiyarsa yake so. Isufu yana zaune yana share laka a ƙafa, ko kallona bai yi ba.

"Maigida, in za ka sauka ka nemi mai riƙe maka igiya. Ni ba zan riƙe ba."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Lawali ya saki puli ya je ya tsaya kusa da shi. Na zage su, ba zan maimaita muku abin da na ce ba. Na ce rijiyar mutane za ta lalace don an sa wanda bai iya ba. Nan Isufu ya tashi tsaye.

"Shekara goma sha bakwai igiyarka tana hannuna. Ka taɓa bari ruwa ya sauka ƙasa da ƙirjinka? Da ya kawo nan sai ka ja igiya sau biyu mu tsayar da guga. Ruwan ne ke danne rairayin. Yau ka sa an kwashe shi."

Na tsaya da igiya a hannu. Gaskiya ya faɗa. Haka nake yi kullum, kuma da wani ya tambaye ni dalili kafin ranar nan, da na ce masa ruwan ƙirji ya fi daɗin tsayuwa, shi ke nan. Ban taɓa kallon bakin zobe da ido ba. Da yatsun ƙafa nake lalubarsa, in ji inda ya hau, in ji inda rairayi ya fara motsi. Jikina ya san abin, bakina bai sani ba. Mutumin da na ajiye a bakin rijiya shi ya lura. Na tambaye shi me ya hana shi magana tun da safe. Ya ce a aikinmu yaushe na ƙasa ya taɓa gyara wa maigida magana, kuma yaushe na taɓa tambaya. Arɗo ya yi gyaran murya ya ce shi bai san ginin rijiya ba, amma in faɗa za a yi a yi shi a inuwa, an kawo fura.

Na kwance igiyar. Ba wai na zama mutumin kirki a take ba ne. Babu mai riƙewa.

A inuwar na tambaye shi yadda yake ganin za a yi, karo na farko ke nan. Ya ce a bar ruwa ya dawo, rairayin ya kwana biyu ya lafa. A mayar wa Arɗo bijimi ɗaya. Shi zai haƙa ƙarƙashin ɓangaren gabas kaɗai, wanda ya ɗaga, tafi-tafi, kaɗan-kaɗan, a kuma ɗora buhunan yashi a bakin zoben sama ta wannan ɓangaren don nauyi ya taimaka. Buhunan nan ni ban taɓa yi ba, Mamman Tsoho ma bai yi ba. Na buɗe baki zan ce ba haka ake yi ba, na rufe. Ya ce abu ɗaya yake so a wurina. Daga ƙasa mutum ba ya sanin ko zobe ya miƙe, sai na sama. In riƙe igiyar awo da madubi, in ya tambaya in faɗa masa yatsa nawa, kada in gaya masa inda zai haƙa.

Kwana huɗu muka yi a haka. Wahalar da na sha a kujerar nan ta fi ta likita. Kana ganin mutum yana yin abu a hankali, wanda da kai ne ka gama tun ɗazu, bakinka yana ƙaiƙayi. Can murya ta taso daga ƙasa tana tambaya nawa, in ce huɗu. Bayan wani lokaci ta sake tasowa, in ce huɗu. Ranar farko ko motsi ba su yi ba. Hadari ya haɗu ya watse, Arɗo yana zagaya mu da hannu a baya. Rana ta biyu da hantsi aka ji ƙara, na auna, uku.

A kwanakin nan na san zaman sama ma aiki ne. Na hango wata siririyar tsaga a bango wadda na ƙasa ba zai gani ba, na sa Lawali ya sauka ya toshe ta. Na lura igiyar guga ta fara cinyewa a puli, aka sake ta kafin ta tsinke a kan mutum. In Isufu ya daɗe a ruwa na ji muryarsa ta fara rawa, sai in ce ya fito ya sha rana, ko yana so ko ba ya so. Duk shekarun da nake ƙasa shi ke wannan lura, ni ban ma san ana yi ba. Rana ta huɗu zobban suka zauna, saura rabin yatsa, suka nutse gaba biyu cikin ruwa. Rabin yatsan yana nan har yau. Akwai rijiyoyin da na bari da yatsa guda cur, ban gaya wa kowa ba sai yanzu.

Tun daga nan rijiya biyar muka gina. Isufu ke shigar ruwa, bana ma ya sa Lawali ya nutsar da zobe biyu yana tsaye a kansa. Duk wanda ya fito daga ƙasa sai na tambaye shi abin da ya ji a ƙafarsa kafin in buɗe nawa bakin. Ƙafata kuwa tana kai ni kasuwar Magariya ba sanda, sai dai in hadari ya haɗu ta ɗan yi tsami. Mai son koyo a cikinku ya zo bayan girbi da tsohon wando, zai fara da jan guga.

Amma bari in ƙarasa muku na rugar. A al'adar aikinmu, ƙwaryar farko ta sabuwar rijiya wanda ya nutsar da zobe ake ba, ya sha a gaban jama'a kafin mutum ko dabba su taɓa. Mata sun jeru da tuluna, shanu suna kuka a baya. Arɗo ya ɗebo ya nufo kujerata ya miƙo mini. Na nuna masa Isufu da sanda. Isufu ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya tofar da yashi.

"Maigida, abin da kake sha ke nan duk shekarun nan muna kallonka muna haɗiyar yawu? Ai laka ce zalla."

Na ce masa laka ce, kuma sai ya shanye, mutane suna kallo. Ya shanye.